Fashin baƙin Alkyabbar Amana, dokar riƙon halittu ta al'ummar Forerunner

A cikin wasannin bidiyo na Halo, waɗanda kamfanin Bungie ya fara fitarwa a 2001 a kan na'urar Xbox, akwai wata ƙagaggiyar al'umma mai suna Forerunner, wadda ta mulki gungun taurarinmu kafin ta ɓace kimanin shekara 100,000 da suka wuce. Mulkinsu kacokan ya tsaya ne a kan aƙida guda, wadda masu wasan suka sani da sunan Mantle, wato Alkyabbar Amana. A wurinsu ita ce tsarin mulki, ita ce kuma addini.

Abin da dokar ta ƙunsa ba shi da wuyar faɗa. Duk jinsin da ya fi sauran halittu ilimi da ci gaba, shi ne aka ɗora wa alhakin kare rayuwa baki ɗayanta, daga masu hankali har dabbobi da tsirrai, ya kuma hana wani jinsi ƙarewa. Saboda wannan ne ma 'yan Forerunner ba sa cin nama. Sun raba al'ummarsu rukuni-rukuni: magina, mahaƙa, masu kula da rai, mayaƙa da alƙalai, kowa da nasa kason na riƙon amanar. Dokar tana da haƙora a cikin gida, domin shugaban magina, Faber, ya gurfana gaban shari'a bayan ya yi amfani da makamin ƙare dangi a kan duniyar wani jinsin halittu mai suna San'Shyuum.

Sai dai duk wanda ya saba nazarin doka zai lura da babban giɓi. Wanda ya riƙe amanar shi ne ke tantance wanda ya fi ci gaba, shi ne ke fassara abin da ake nufi da kariya, shi ne kuma alƙali idan aka yi zargin an saɓa. Waɗanda ake riƙo ba a nemi yardarsu ba, ba su da kotun da za su kai ƙara, ba a kuma yanka musu ranar da riƙon zai ƙare ba. A fikihun da muka sani, waliyyin maraya yana riƙe dukiya ne zuwa lokacin da yaron zai balaga ya yi hankali, sannan ya miƙa masa ita a gaban shaidu. Wannan sharaɗi na miƙawa shi ne babu shi a cikin Alkyabbar, kuma a ganina duk ɓarnar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Asalin iƙirarin ma yana da matsala. 'Yan Forerunner sun koya wa 'ya'yansu cewa mahaliccansu, wata al'umma da ta gabace su mai suna Precursor, ita ce ta gadar musu da amanar. Littattafai uku da Greg Bear ya wallafa tsakanin 2011 da 2013 sun bayyana akasin haka: Precursor sun ga Forerunner ba su cancanta ba, suka karkata ga bil'adama, su kuwa Forerunner suka yi tawaye suka kusa shafe mahaliccan nasu miliyoyin shekaru da suka shige. Daga burbushin waɗanda aka kashe ɗin ne annobar Flood ta fito, wadda ke mamaye jikin duk mai rai ta mai da shi nata.

Yadda aka yi da bil'adama ya fi komai nuna halin dokar. A labarin, mutanen dauri sun riga sun mallaki jiragen ratsa taurari, sai Flood ta kore su daga duniyoyinsu, suka kutsa cikin yankin Forerunner. Babban kwamandan mayaƙa, Didact, ya ci su da yaƙi, aka rushe wayewarsu, aka mayar da jikinsu da basirarsu baya, aka tsare ragowarsu a wannan duniya tamu. Duk wannan da sunan rahama aka yi shi, tunda dai ba a ƙarar da jinsin ba. Dokar da ta hana cin naman dabba ta ƙyale a ƙwace wa al'umma guda tarihinta, kuma wannan abu ne da ya kamata ya tayar wa mai karatu hankali.

Suka mafi zafi daga cikin gida ta fito. Librarian, shugabar masu kula da rai kuma matar Didact, ta nuna cewa hana sauran halittu makami da gwagwarmaya ya bar su ba ƙarfin kare kai, don haka da Flood ta dawo babu mai iya taimakawa. Ƙarshenta aka harba zobban Halo guda bakwai, wato manyan makaman ƙare dangi masu siffar zobe, kowane yana kashe duk mai hankali a tazarar da haske zai shekara 25,000 yana ratsawa ta kowace fuska, domin annobar ta rasa abinci. Abin da aka iya ceto shi ne samfurin jinsunan da Librarian ta tattara ta adana, aka sake shuka su bayan harbin, ta kuma ayyana bil'adama a matsayin magada.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a tarihin gaske. Sashe na 22 na yarjejeniyar tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya (League of Nations) ta 1919 ya ce akwai al'ummomin da ba su kai ga tsayawa da ƙafarsu ba, don haka a damƙa su ga ƙasashen da suka ci gaba a matsayin amana. Da wannan hujja aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, ba tare da an tambayi mutanenta ba.

Marubutan Halo ba su bar batun ya mutu da Forerunner ba. A wasan da ya fito a 2015, basirar na'ura mai suna Cortana ta ce ita da ire-irenta ne suka cancanci Alkyabbar, tunda su ne suka fi kowa ci gaba, ta yi alkawarin kawar da yunwa da yaƙi ga duk wanda ya miƙa wuya. Sannan ta tayar da manyan injinan da Forerunner suke tsoratar da duniyoyi da su, ta kashe wutar duk duniyar da ta ƙi amincewa.