Sarƙar ƙwallon goruba kuma? Amsar tambayoyin da kuka yi min

Tun ranar da na sa wata sarƙa ta ƙwallon goruba da jar fata na je biki a Zariya ta nan Maradi mutane ke tare ni da tambaya, wasu da dariya wasu da gaske. Bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Wai wane irin kayan ado ne wannan?

Ado ne da maƙeri ko mai zane ke yi guda ɗaya tak, ba na kamfani ba, da abin da Allah ya halitta a wuri: itace, ƙaho, ƙashi, 'ya'yan itace, dutse, fata, kaba. Ba nauyin zinariya ake saye ba, tunanin mai aikin da inda kayan suka fito ake saye. A Munik ta Jamus akwai baje koli mai suna Schmuck da ake yi tun 1959 don irin wannan aiki. A Niyu Zilan kuma a 1988 masu sana'ar suka yi wani nuni na ƙashi da dutse da ɓawon kifin teku, suna cewa su ba sai sun kwaikwayi Turai ba, kayan ƙasarsu ya ishe su.

To ina ruwan sarƙa da tuna baya?

Nan ne maganar take. Goruban da ke wuyana daga Gulbin Kaba ta fito, wajen Mayahi, garin kakata ta wajen uwa. In na taɓa ta sai in tuna tsohuwar zaune tana saƙar tabarma, mu kuma muna gwaguyar goruba har haƙora su yi tsami, ƙwallon mu jefar wa awaki su yi ta shinshina. Shi wannan ƙwallon da muke jefarwa in ka fasa shi cikinsa fari ne fat, mai tauri kamar hauren giwa, har maɓallan riga an taɓa yi da shi a Sudan da Eritiriya ana kaiwa Turai kafin roba ta zo ta kashe kasuwar. Fatar kuma ta jar akuyar Maradi ce, wadda aka jeme da bagaruwa, irin fatar da fatake suka riƙa ketare hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Kin ga abu biyu a wuya ɗaya, kowanne da garinsa. Da zan samu tsakuwa daga kwarin tsohon garin Maradi, wanda ambaliyar 1945 ta tashi mutane daga cikinsa suka hau tudu, wallahi da na sa an huda min ita ma.

Ai mu ma muna da irinsa tun da, ko?

Sosai ma. Jigida, wuri, tsakiya, murjani, aikin dukawa, ga maƙeran farin Agadas da gicciyensu na azurfa wanda kusan kowane gari yana da nasa fasali. Bambancin kawai shi ne iyayenmu suna maimaita salon da suka gada, shi kuwa mai aikin zamani yana fito da nasa ya sa sunansa ya faɗi inda ya tsinto kayan. Mu nan ne muke sakaci, a SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata da ake yi a Yamai, za ki ga aiki mai kyau a tebur amma ki tambayi daga wane daji itacen ya fito sai a ce miki "na gargajiya ne" shi ke nan.

Ba kayan bori ba ne? Na ga wuri a jiki.

Hajiya, wuri kuɗi ne kafin dala ta zo, daga tekun Indiya ake kawo shi. Gaskiya 'yan bori suna amfani da shi, amma ni ba laya a cikin tawa, ba rubutu, ba abin da aka tofa. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta ce a cire mata wurin.

Yana ƙarko kuwa?

In an yi shi da kyau. Dole 'ya'yan itacen su bushe ƙarau kafin a huda, in ba haka ba ƙwaro zai cinye su daga ciki, wata rana ki ɗauko sarƙa ki ga gari a ƙasan akwati. Fata ba ta son ruwa da zufa, kar a yi wanka da ita, lokacin damina a ajiye ta inda iska ke shiga, a ɗan shafa mata man gyaɗa in ta yi tauri. Abu ɗaya don Allah: idon zakara, wannan ja da baƙin mai kyau, guba ne mai kisa in an huda shi ko yaro ya tauna. Kar ki saya, kar ki sa wa jariri.

Me ya sa ya yi tsada alhali goruba kyauta ce a daji?

Je ki gwada fasa ƙwallo ɗaya ba tare da ya tarwatse ba, ki goge shi har ya yi santsi, ki huda shi daidai tsakiya. Tawa guda 14 ce a jiki, mai aikin ya ce min sai da ya ɓata fiye da haka kafin ya samu waɗanda suka yi daidai da juna.