Waiwaye: gardamar zunubin gado ta girmi mai tambaya da faston da aka tambaya

Akwai tambayar da fasto ba ya rasa samu duk sa'ad da ya yi rubutu ko wa'azi a kan zunubi: "Fasto, yaya jaririn da aka haifa jiya zai zama mai zunubi, alhali ko sunansa bai sani ba?" Mai tambayar yakan riƙe Ezekiyel 18:20, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Fasto kuma ya buɗe Romawa 5:12, inda Manzo Bulus ya ce zunubi ya shigo duniya ta wurin mutum ɗaya, mutuwa kuma ta bi kowa. Sai a yi ta ja-in-ja, kowa da ayarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu fastoci ke ɗaukar tambayar a matsayin raini ko ƙarancin bangaskiya, alhali ita ce ta tilasta wa ikkilisiya ta zauna ta fayyace koyarwar zunubin gado, wato abin da 'yan adam suka gada daga zunubin Adamu, tun farko.

Wajen shekara ta 400 akwai wani malami mai gudun duniya a birnin Roma, sunansa Felajiyus, mutumin Birtaniya. Ya ga Kiristoci masu hali suna sheƙe ayarsu suna fakewa da raunin ɗan adam, abin ya ɓata masa rai. Da ya ji an karanta addu'ar Agustin, bishof na Hifo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wadda ke roƙon Allah ya ba da ikon yin abin da ya umarta, sai ya ga ai wannan ƙofar lalaci ce. Hujjarsa gajeriya ce: Allah mai adalci ba zai umarci mutum da abin da ya fi ƙarfinsa ba. Adamu mugun gurbi ya bari, ba mugun jini ba.

Agustin bai ɗauki maganar da wasa ba, domin ya san kansa. Shekaru ya yi yana son barin sha'awar jiki yana kasawa. Ya kuma ba da labarin wani jariri da ya gani, ko magana bai iya ba, amma fuskarsa ta canza don kishi da ya ga ɗan'uwansa yana shan nono. Wa ya koya masa? Sannan ya tambayi abokan gardamarsa: in jarirai ba su da abin wankewa, me ya sa iyaye mata ke rugawa da su a yi musu baftisma idan ciwo ya tsananta?

Shari'ar ba ta tafi a miƙe ba, kuma nan ne ya kamata masu saurin yanke hukunci su dakata. Bayan Alarik, sarkin ƙabilar Got, ya ci Roma a 410, Felajiyus da almajirinsa Selestiyus suka tsallaka Afirka ta Arewa. An hukunta Selestiyus a Kartej a 411, amma majalisar bishof-bishof ta Diyosfolis a Falasɗinu ta wanke Felajiyus a 415. Fafaroma Zosimus ma da farko ya karkata gare shi kafin ya juya. Sai a 418 majalisar Kartej ta yi watsi da koyarwar Felajiyus, ta Afisa ta tabbatar a 431, shekara guda bayan rasuwar Agustin.

Duk da haka ba a haɗiye maganar Agustin ɗungurungum ba. Majalisar Oranj, a ƙasar Faransa ta yau, ta 529 ta yarda cewa ko farkon bangaskiya aikin alherin Allah ne, amma ta ƙi cewa Allah na ƙaddara wa wani mugunta. Ikkilisiyoyin Gabas kuwa har yau sun fi koyar da cewa mutuwa da lalacewar hali muka gada daga Adamu, ba alhakin laifinsa ba. Gardamar ta sake tashi tsakanin Erasmus, masani ɗan Katolika, da Martin Luta, jagoran Furotesta, a 1524 da 1525, majalisar Tarent ta Katolika ta fitar da nata matsayin a 1546.

Wurin da ya fi zafi shi ne jaririn da ya mutu ba baftisma. Agustin ya ce hukunci na kansa, sai dai mafi sauƙi. Malaman da suka biyo baya sun kasa zama da wannan, suka yi zancen wani wuri da ba azaba, ba kuma ganin Allah. A 2007 kwamitin malaman tauhidi na Batikan ya ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa irin waɗannan jarirai za su sami ceto.

Saboda haka faston da aka ce wa "ban yarda ba", gara ya fara da tambayar wane ɓangare ne ba a yarda da shi ba. In mai magana na cewa mutum zai iya tsarkake kansa ba tare da alherin Almasihu ba, to ya saɓa wa Katolika da Furotesta da Otodoks baki ɗaya, kuma ya kamata a gaya masa ba ɓoye-ɓoye. In kuwa alhakin laifin Adamu a wuyan jariri ne ya tsaya masa a rai, to yana da abokai da yawa cikin ikkilisiya. Sau da dama ma ba tauhidi ne ya kawo shi ba, ɗa ya binne.