Sanƙarau a ƙasashen Sahel

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Wanda ke zuwa da annoba a Afirka ƙwayar bakteriya mai suna Neisseria meningitidis ce ke kawo shi, kuma ta tari da atishawa ake ɗauka. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya. Yakan kashe cikin kwana guda, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi kan rayu da kurumta ko wata naƙasa.

Ya fi ɓarna a ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya fayyace a 1963. Yakan taso daga Disamba zuwa Yuni, lokacin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da hanci da maƙogwaro, ya lafa da saukar damina. A annobar 1996 zuwa 1997 sama da mutum 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu.

Shekara da shekaru sai cuta ta ɓarke ake rugawa neman allurar rigakafi, ita kuma tsohuwar allurar ba ta daɗewa a jiki, ba ta kuma kare jarirai. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka sauya dabara: a samar da allurar da gwamnatocin yankin za su iya saye, a yi ta tun kafin annoba. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa allurar MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dala kowace guda. An fara yin ta a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ga masu shekara 1 zuwa 29. Tana jure zafin digiri 40 har kwana huɗu ba tare da firiji ba, kuma wannan babbar rahama ce ga ƙauyukan da ba su da wutar lantarki. Ƙwayar cutar nau'i-nau'i ce, kuma nau'in A, wanda ya fi kisa a da, shi ne allurar ke karewa; ya kusan ɓacewa.

Sai nau'in C ya kunno kai, a Nijar a 2015, sannan a Zamfara, Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, inda mutum fiye da dubu suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar. Inda ake da rauni har yanzu shi ne gwaji: sai an ɗebi ruwan laka an kai ɗakin gwaji da wuri ake sanin nau'in da ke yawo, kuma asibitocin karkara da yawa ba su da kayan aikin ko ma'aikatan yin hakan.