Allon shago a gaban doka: abin da aka taƙaita da abin da ake sassautawa

Mutumin da ya kama shago ya biya kuɗin haya yakan ɗauka cewa fuskar shagon tasa ce, saboda haka yana iya kafa allonsa yadda ya ga dama. A yawancin biranen duniya doka ba ta yarda da wannan ba. Allon a jikin gini yake, amma titi yake kallo, titi kuwa na kowa ne, kuma da wannan hujja ce ƙananan hukumomi da hukumomin tsara birane suke sa baki a girman allon, da tsayinsa daga ƙasa, da irin wutar da ke jikinsa, da wurin da aka kafe shi.

Ikon ya samo tushe ne daga dokar karkasa gari zuwa yankuna, inda ake ware unguwannin zama daban, wuraren kasuwanci daban, wuraren masana'antu daban, kowanne da ƙa'idojinsa. Birnin New York ya kafa cikakkiyar doka irin wannan a 1916, sannan a 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halaccin tsarin a shari'ar da wani kamfanin dillancin filaye ya kai ƙauyen Euclid na jihar Ohio. Abin da wannan ke nufi ga mai shago shi ne, tambayar farko ba ta girman allo ba ce, ta yankin da shagon ya faɗa ce a taswirar hukuma. Allon da ya halatta a bakin babbar hanya yana iya zama laifi a layin da ke bayanta, ko da sana'ar iri ɗaya ce.

Girman allo galibi ana ɗaure shi ne da faɗin fuskar shago. A garuruwan Amurka da yawa akan ba da murabba'in ƙafa ɗaya zuwa biyu na allo a kan kowace ƙafa ɗaya ta faɗin fuskar, wato shago mai faɗin ƙafa 20 zai samu allon da bai wuce murabba'in ƙafa 20 zuwa 40 ba. Rubutun da aka liƙa a gilashin taga ma yana da iyaka, sau da yawa kashi 20 ko 25 cikin ɗari na gilashin, allon da ya leƙo kan hanyar masu tafiya a ƙafa kuma akan ce ya ɗara ƙasa da kimanin ƙafa takwas don kada ya bugi kan mai wucewa. Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen lissafi, domin sukan auna babban allon kaɗai su manta cewa hukuma tana iya haɗawa da sunan da ke jikin rumfa, da ƙyallen talla da aka rataya, da rubutun taga, ta ɗauke su duka a matsayin jimla ɗaya.

Birnin Sao Paulo na Brazil ya nuna iyakar tsananin da irin wannan doka kan kai. Dokar Birni Mai Tsafta da aka zartar a 2006 ta sa an sauke manyan allunan talla kusan 15,000, ta kuma yanke wa shaguna gwargwado: fuskar da ba ta kai mita 10 ba, allonta kada ya wuce murabba'in mita ɗaya da rabi, wadda ke tsakanin mita 10 da 100, murabba'in mita huɗu. Birnin Kyoto na Japan ya haramta allunan kan rufi da fitilu masu ƙyaftawa tun daga 2007 don kare kamannin tsohon gari. A garin Sedona na jihar Arizona ta Amurka, alamar gidan cin abinci na McDonald's da aka sani da launin rawaya ta koma shuɗi mai haɗe da kore, saboda hukumar garin ta ga rawayar ba ta dace da jajayen duwatsun da ke kewaye da shi ba. Sai dai ba kullum dokar ke dusashe haske ba. A dandalin Times Square na New York, ƙa'idojin 1987 sun wajabta wa sababbin gine-gine sanya manyan alluna masu wuta, domin hasken shi ne abin da aka san wurin da shi.

Akwai iyakar da hukuma kanta ba ta tsallakewa, aƙalla a Amurka, kuma ita ce abin da aka rubuta a allon. A 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da wani fasto mai suna Clyde Reed ya kai garin Gilbert na Arizona. Dokar garin ta bar allunan siyasa su kai murabba'in ƙafa 32 a wasu wurare, amma allon da ke nuna wa mutane hanyar zuwa wani taro, irin wanda cocinsa ke kafawa, an tsayar da shi a murabba'in ƙafa shida, kuma ba a kafa shi sai saura sa'o'i 12 a fara taron. Alƙalan tara duka sun ce dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma mafi rinjayensu sun kafa hujja da cewa ta bambanta alluna bisa saƙon da suke ɗauke da shi. A 2022 kuma, a shari'ar birnin Austin, kotun ta ce bambanta allon da ke tallar sana'ar da ake yi a wurin da wanda ke tallar abin da ke wani wuri daban ba bambanci ne bisa saƙo ba. Ingila ma ta taƙaita hukuma a kan dalilai biyu kacal wajen duba buƙatar allo, wato kyan muhalli da kare jama'a daga haɗari. Ba ko'ina ake bin wannan ba, domin lardin Quebec na Kanada ya shiga har cikin harshen rubutun, inda doka ta ce Faransanci ne zai rinjayi kowane harshe a allo.

Togaciya, wato hanyoyin da allo ke kuɓuta daga ƙa'idar gama-gari, iri uku ce, kuma rashin bambanta su ne ke jawo wa masu shaguna asara. Na farko shi ne allunan da doka ta yafe musu neman izini tun asali, kamar lambar gida, da ɗan allon lokutan buɗewa da rufewa, da na wucin gadi da ke nuna gini na haya ne ko na sayarwa. Ƙa'idojin Ingila na 2007 sun faɗaɗa wannan sosai, har suna ɗaukar cewa allon shago marar wuta ya riga ya samu izini, muddin ya tsaya kan sana'ar da ake yi a wurin, haruffansa ba su wuce santimita 75 ba, kuma bai haura mita 4.6 daga ƙasa ko gindin tagar bene na farko ba. Da zarar an ƙetare ɗaya daga cikin sharuɗɗan, sai an nemi izini a rubuce, wanda a bisa al'ada na shekara biyar ne.

Na biyu shi ne tsohon allon da aka kafa bisa ƙa'ida kafin a sauya doka. Akan bar shi ya ci gaba da zama, a yi masa fenti, a gyara abin da ya lalace, amma ba a ƙara girmansa ba, ba a kuma matsar da shi ba. Wannan kariya ba ta da kauri yadda ake zato. A garuruwa da dama tana faɗuwa idan shagon ya daɗe a rufe, misali wata shida ko shekara guda, ko kuma idan gobara ko iska ta lalata fiye da rabin allon. Sabon ɗan haya da ya ga ƙaton allo a saman shago ya ƙirga shi cikin abin da ya biya, yana iya wayar gari ya iske haƙƙin ya tafi tare da wanda ya fita.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne sassauci na musamman da ake nema a gaban kwamitin ɗaukaka ƙara na hukumar tsara gari. Ana cike takarda, a biya kuɗi, a sanar da maƙwabta, sannan a zauna a bainar jama'a inda kowa ke iya faɗin ra'ayinsa. Abin da kwamitin ke so ya ji shi ne matsalar da ke tattare da filin ko ginin kansa: shagon ya ja baya da titi sosai, ko yana cikin gangare, ko wata gada ta tare shi, ko fuskarsa siririya ce ƙwarai ta yadda lissafin doka zai ba shi allon da ba ya karantuwa. Dole ne kuma a nuna cewa ba mai shagon ne ya jawo wa kansa matsalar ba, cewa sassaucin ba zai sauya kamannin unguwa ba, kuma abin da ake roƙo shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai warware matsalar. Hujjar cewa babban allo zai ƙara ciniki ba ta cika karɓuwa ba, domin kowane mai shago a layin zai iya faɗin haka. Wanda ya ce ya riga ya kashe kuɗi an ƙera masa allon, hujjarsa ta fi kowacce rauni, tunda wannan ita ce ainihin matsalar da mutum ya jawo wa kansa. A ganina wannan tsauri yana da ma'ana, domin idan aka sassauta wa mai ƙarfin aljihu saboda yana so, ƙananan shagunan da ke gefensa ne za su ɓace a inuwar allonsa.

Duk da haka, doka mai kyau tana iya zama cuta idan aka daɗe ba a aiki da ita sannan aka zabura rana ɗaya. A 2018 ƙorafe-ƙorafe daga mutanen da ba su bayyana sunansu ba suka yi ta kwarara zuwa hukumar gine-gine ta New York a kan allunan da suka shekara da shekaru a wurinsu ba tare da izini ba, aka ci ƙananan 'yan kasuwa tarar dubban daloli, wasu suka ɓalle allunansu don tsoro. A farkon 2019 majalisar birnin ta dakatar da irin wannan tara na shekara biyu.

Kafin a ba maƙeri aiki, ya kamata mai shago ya san yankin da yake, ya tambayi ko ginin yana cikin wuraren tarihi da ke da nasu kwamitin, ya kuma tantance ko allon mai wuta yana buƙatar izinin lantarki daban. Sai kuma takardar haya, domin masu manyan rukunin shaguna sukan gindaya sharuɗɗan launi da girman haruffa da suka fi na hukuma tsanani, kuma izinin hukuma ba ya soke abin da ɗan haya ya sa wa hannu.