Waiwaye: Yadda Ɗaukar Malaman Labarin Ƙasa Ya Sauya a Jami'o'in Najeriya

Sashen labarin ƙasa gida ɗaya ne mai ɗakuna da yawa. A cikinsa akwai mai nazarin yanayi da ruwan sama, da masanin zaizayar ƙasa da koguna, da mai bin diddigin yawan jama'a da bunƙasar birane, da gwanin taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. Kowannensu da fagensa, kuma ɗaya ba ya iya riƙe kwas ɗin ɗan'uwansa a matakin digiri na biyu ko na digirgir. Shi ya sa idan masanin yanayi guda ɗaya da sashe yake da shi ya yi ritaya, ɗaukar malamai uku masu nazarin birane ba ya cike gurbinsa. Wannan ce matsalar da ta daɗe tana bin sassan nan, kuma asalinta yana cikin yadda hanyar ɗaukar malamai ta riƙa canzawa tun 1948.

A shekarar ce aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma labarin ƙasa yana cikin darussan farko. Malamai daga Ingila ake neman su, ta hanyar tallar gurbi a can. Cikin ɗaliban da suka koyar aka samu Akin Mabogunje, wanda ya zama farfesan labarin ƙasa a 1965, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana fannin ta duniya daga 1980 zuwa 1984. A Arewa ma haka aka faro. Shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, 1962, Michael Mortimore ya iso Zariya, ya zauna har 1979, sannan ya koma Jami'ar Bayero a matsayin farfesa zuwa 1986. Bincikensa kan noman karkarar Kano mai cunkoson jama'a, da wanda ya shafe shekaru yana yi a ƙauyen Dagaceri bayan farin 1972 zuwa 1974, har yau ana kafa hujja da su. Abin lura a wancan zamani shi ne gurbi ake fara tantancewa, sannan a fita neman wanda ya dace da shi ko a ina yake.

Daga tsakiyar shekarun 1970 jami'o'i suka ƙaru, aka kuma dage sai 'yan ƙasa sun karɓi kujerun baƙi. Hanyar da aka bi mai kyau ce a lokacin: a riƙe ɗalibin da ya fi kowa maki a matsayin GA, wato mataimakin malami mai digirin farko, a tura shi Ingila ko Amurka ko Kanada ya yi digirgir, ya dawo da sabon tunani. Tsarin SAP na tsuke bakin aljihun gwamnati, na 1986, ya karya wannan. Naira ta faɗi, kuɗin tura malami waje ya gagara, baƙin malamai daga Turai da Indiya suka tattara, manyan 'yan ƙasa da dama suka bi bayansu. Sai ya zama ɗalibi yana yin digiri uku a sashe ɗaya, a hannun malami ɗaya, a ƙarshe ya gaji ofishinsa. Illar a bayyane take. Sashe yakan cika da fannin da farfesoshin da suka rage suka iya duba ɗalibai a kai, kuma binciken rarraba takardar tambayoyi ya fi sauƙi a kan wanda ke buƙatar ɗakin gwajin ƙasa da na'urorin awon ruwa da motar fita daji. Ɓangaren nazarin yanayi da surar ƙasa shi ya fi jin jiki.

A takarda tsarin yana nan daram. Shugaban sashe ya ƙidaya ɗalibai da malamai, ya nuna giɓi bisa ma'aunin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, wadda ke son malami ɗaya ga ɗalibai 30 a kimiyyar zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a nazarin muhalli. Ko a nan labarin ƙasa yana da nasa ƙulli, domin a Ibadan yana tsangayar kimiyyar zamantakewa, a Zariya yana ɓangaren kimiyya, a Bayero kuma yana tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli, don haka yawan guraben da sashe zai nema ya danganta da inda aka ajiye shi. Hukumar tana kuma son kashi 20 cikin ɗari su zama farfesoshi da masu bi musu, 35 manyan lakcarori, 45 ƙanana. Idan an amince da gurbi, ƙa'idar hukumar raba daidai ita ce a tallata a jaridu biyu na ƙasa, a ba da makonni shida. Sashe ya tace takardu, a kira hira, kwamitin naɗi da ƙarin girma ya yanke, majalisar gudanarwa ta sa hannu. Mai neman kujerar farfesa sai an aika wallafe-wallafensa ga masana uku na waje, aƙalla biyu su ce ya cancanta, abin da kan ci watanni.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen rubuta tallar. Idan aka ce kawai ana neman malamin labarin ƙasa ba tare da fayyace fanni ba, takardun da za su fi yawa su ne na fannin da sashen ya riga ya ƙoshi da shi. Hira ma takan tsaya kan shaidar karatu da ƙidayar maƙalu. Mai cewa ya iya GIS, wato sarrafa taswira da bayanan wurare a kwamfuta, ya kamata a zaunar da shi gaban kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam na Landsat ya rarrabe gona da daji da gari, mai nazarin ƙasa kuma a miƙa masa samfuri ya bayyana yadda zai auna yashi da laka. Ba kasafai ake yin haka ba. Kuma waɗanda suka iya aikin da gaske suna da kasuwa a waje, tun daga hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999 har kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji, inda albashin ya zarce na ƙaramin malami mai matsayin Lakcara II nesa ba kusa ba.

Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu da ya duba buƙatun jami'o'in gwamnati a 2012 ya ƙidaya malamai 37,504, kuma kusan kashi 43 cikin ɗari ne kawai ke da digirgir. A shekarar aka ɗaga lokacin ritayar farfesoshi zuwa shekara 70, wanda ya jinkirta giɓin bai toshe shi ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya sake buɗe ƙofar karatun waje, amma shigar da jami'o'i tsarin albashi na IPPIS a 2020 ya ɗaure hannun shugabanninsu: sai da izinin Abuja za a ɗauki ko mutum ɗaya, kuma biyan malaman aro da masu hutun bincike, waɗanda da su ƙananan sassa ke cike gurbin kwasa-kwasan da ba su da gwani, ya yi wuya. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ya ƙara kora matasa. A Disamba 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS, ta kuma mayar da ikon ɗaukar ma'aikata hannun majalisun gudanarwarsu. Farfesoshin da aka ɗauka a matsayin GA a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 kuwa yanzu ne suke cika shekara 70.