Kimiyyar 'yan sa-kai

Kimiyyar 'yan sa-kai, wadda wasu ke kira kimiyyar jama'a, ita ce binciken da mutanen da kimiyya ba sana'arsu ba ce suke sa hannu a ciki ba don kuɗi ba. Su ƙirga, su auna, su ɗauki hoto, ko su tantance bayanan da suka fi ƙarfin masana. Wani lokaci jami'a ce ke gayyatar su, wani lokaci kuma su ne ke haɗa kansu ba tare da wata hukuma ba. Sunan ya bazu ne a tsakiyar shekarun 1990 ta hannun Alan Irwin a Birtaniya da Rick Bonney a Amurka, amma aikin ya girmi sunan nesa ba kusa ba.

Asali

A ƙarni na 19, mafarauta a Amurka kan fita ranar Kirsimeti su yi gasar harbin tsuntsaye. A 1900 masanin tsuntsaye Frank Chapman ya yi kira da a ƙirga su maimakon a kashe. Mutum 27 ne suka amsa, a wurare 25. Har gobe ana yin wannan ƙidaya duk shekara a ƙarƙashin Audubon, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Amurka.

Zuwan intanet ya sauya girman abin. A watan Yulin 2007, masana taurari a Jami'ar Oxford, ciki har da Chris Lintott da Kevin Schawinski, suka buɗe shirin Galaxy Zoo, domin suna da hotunan gungun taurari kusan 900,000 da ke jiran a rarrabe su. Gayyatar ba ta nemi takardar shaida ba. Za a nuna wa mutum hoto, ya faɗi ko gungun mai hannuwa ne a murɗe ko kuwa sumul yake, in a murɗe ne wane gefe ya juya. Hoto ɗaya mutane da yawa ke duba shi, ta yadda kuskuren ɗaya ba zai ɓata sakamako ba.

A nan ne wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta hango wani abu shuɗi kusa da gungun IC 2497, ta tambaya mene ne. Masanan ba su yi watsi da tambayar ba. Bincike ya nuna wani makeken gajimaren iskar gas ne, aka raɗa masa sunanta, aka kuma sa ta cikin marubutan takardar da ta yi bayaninsa. Daga shirin Galaxy Zoo aka samu Zooniverse a 2009, wato dandalin intanet da ya tattara shirye-shiryen 'yan sa-kai iri-iri.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu

Wasu ƙungiyoyin rashin gamsuwa da bayanan hukuma ne ya haife su. Da ɗanyen mai ya malala a Tekun Meziko a 2010, 'yan sa-kai suka riƙa ɗaura kyamarori a jikin balan-balan suna ɗaukar hoton gaɓar teku daga sama. Wannan ne tushen ƙungiyar Public Lab. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a watan Maris na 2011, ƙungiyar Safecast ta ƙera ƙananan na'urorin auna tururin nukiliya, ana maƙala su a jikin mota, suna rubuta awo da wurin da aka ɗauke shi yayin da motar ke tafiya. Duk abin da aka tara an sake shi kyauta ga kowa. Wannan buɗaɗɗen hali shi ne ya raba irin waɗannan ƙungiyoyi da masu da'awar kimiyya ba hujja: sun yarda wani ya duba na'urarsu, ya sake awon, ya ce sun yi kuskure.

Riƙe 'yan sa-kai

Tara jama'a ba shi ne wahalar ba. Nazarin da aka yi kan shirye-shiryen Zooniverse ya nuna yawancin mutane sau ɗaya suke leƙowa, kuma 'yan tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Ƙungiyar da ta ba da ƙarfinta ga shela, ta manta da waɗannan 'yan tsirarun, ba ta daɗewa. Mutum yakan zauna ne in aikin farko bai gagare shi ba, in ya yi tambaya an amsa masa, in kuma ya ga inda gumin nasa ya tafi. Ambaton suna ma haƙƙi ne: a 2011, da masu buga Foldit, wani wasan kwamfuta na naɗe furotin da Jami'ar Washington ta ƙirƙira, suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cutar birai da ya daɗe yana gagarar masana, an sa ƙungiyoyinsu cikin marubutan sakamakon.

Kokwanto kan ingancin bayanan yana nan, kuma yana da tushe. Shirin eBird na tattara rahotannin masu kallon tsuntsaye, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da Audubon suka kafa a 2002, yana tace duk rahoton da ya shigo. In wani ya ce ya ga tsuntsu a inda ba a saba ganinsa ba, ko a adadin da ya wuce ƙima, rahoton zai je hannun mai bita na yankin, wanda yakan nemi hoto, ko muryar tsuntsun, ko cikakken bayanin kamanninsa kafin a karɓa. Masu bitar nan su ma 'yan sa-kai ne, waɗanda suka ƙware a kan tsuntsayen yankunansu.