Gargaɗin ciwon daji a jikin kayan Amurka: abin da dokar Kalifoniya ke nufi

Duk wanda ya saba sayen kayan da ake shigowa da su daga Amurka, sabbi ko na gwanjo, zai iya cin karo da wata 'yar takarda manne a jikin jakar hannu, ko wayar caja, ko kwalin kwanukan abinci. Takardar na ɗauke da alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa, da rubutun da ke cewa kayan na iya haɗa mutum da sinadarin da jihar Kalifoniya ta san yana haddasa ciwon daji ko yana lahanta haihuwa. Hotonta kan zagaya zaurukan WhatsApp lokaci zuwa lokaci, tare da bayanin cewa an haramta kayan a can shi ya sa aka jibgo mana su, ko cewa kamfanin ya amsa da bakinsa guba yake sayarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dokar ta faɗa.

Dokar ta jiha ɗaya ce, ba ta gwamnatin tarayyar Amurka ba. Mutanen Kalifoniya ne suka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta watan Nuwamban 1986, kuma an fi saninta da Ƙuduri na 65. Abu biyu ta tanada: ta hana kamfanoni zubar da wasu sinadarai inda za su shiga ruwan sha, ta kuma wajabta musu gargaɗin jama'a kafin su haɗa su da waɗannan sinadarai. Ba ta hana sayar da kowane kaya ba, kuma jakar da ke kasuwa a Kano da wannan takarda ita ce dai ake sayarwa a kantunan Los Anjeles. Dokar ta shafi kamfanonin da ke da ma'aikata 10 zuwa sama, ta ware hukumomin gwamnati. Hukumar jihar mai tantance haɗarin muhalli ga lafiya, wato OEHHA, ce ke riƙe da jerin sinadaran, waɗanda sun kai wajen 900, ciki har da dalma, hayaƙin taba, barasa, har da ƙurar katako.

Ba da wasa sinadari ke shiga jerin ba, domin akan dogara da binciken masana na jihar da na manyan cibiyoyi irin su hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa. Da yawa daga cikin sinadaran ta hanyar DNA suke ɓarna, wato zaren gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Misalin da aka fi sani shi ne benzopairin, da ke cikin hayaƙin taba da na itace. Idan ya shiga jiki, jikin kan sarrafa shi don ya fitar da shi, amma a cikin sarrafawar sai ya rikiɗe zuwa wani abu da ke maƙalewa a jikin zaren, ta yadda idan ƙwayar ta zo kwafar kanta sai ta yi kuskure. A 1996 masu bincike suka nuna cewa yana maƙalewa ne a daidai wuraren da ake samun lalacewa a ƙwayar gadon p53 ta masu ciwon dajin huhu, ita kuwa p53 aikinta taka wa lalatacciyar ƙwaya birki. Sai dai jiki na gyara irin wannan ɓarna dare da rana, saboda haka yawan abin da ya shiga da tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙa ko ana ci su ne ke yanke hukunci.

A nan ne sashen da ya fi rikita mutane yake. Dokar ta ce kamfani ba ya bukatar gargaɗi idan adadin sinadarin bai kai ya jawo ƙarin mutum ɗaya mai ciwon daji ba a cikin mutum 100,000 da suka yi shekara 70 suna hulɗa da shi. Na lahanin haihuwa kuwa, sai an ɗauki adadin da aka ga bai yi illa ba a gwaji, a raba shi gida 1,000. Ma'auni ne mai tsananin taka-tsantsan, har sinadarin da ke cikin kaya na iya haura shi alhali haɗarinsa ga mai amfani da shi kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, nauyin kawo hujja yana wuyan kamfani. Mai ƙara zai nuna akwai sinadarin ne kawai, kamfani kuma shi zai ɗauko masana ya biya kuɗin gwaji don tabbatar da cewa adadin bai kai ba.

Hukuncin kuma ba ƙarami ba ne: tarar da ta kai dala 2,500 a kowace rana kan kowane laifi. Ba babban lauyan jihar kaɗai ke da ikon shigar da ƙara ba, kowane mutum ko ƙungiya na iya yi bayan ba da sanarwar kwana 60, ya karɓi kashi ɗaya cikin huɗu na tarar, sau da yawa har da kuɗin lauyoyinsa. Mai kamfani idan ya auna tsadar gwaji da shari'a da kuma arhar 'yar takarda, ba ya dogon tunani. Sai ya manna gargaɗin ko bai auna komai ba, kuma tunda ba zai buga kwali na daban saboda jiha ɗaya ba, sai ya manna wa duk kayansa, daga nan takardar ta biyo jirgin ruwa har ta iso gare mu.

Shari'ar kofi ta nuna inda wannan tsari ke kaiwa. Gasa 'ya'yan kofi kan samar da sinadarin akirilamaid, wanda ke cikin jerin tun 1990, kuma a 2018 wani alƙali a Los Anjeles ya yanke cewa masu sayar da kofi sun kasa kawo hujjar da za ta kuɓutar da su daga gargaɗi. Hukumar jihar da kanta ce ta fito da ƙa'ida a 2019 ta ware kofi, domin binciken da aka yi a kan mutane bai nuna shan sa na ƙara ciwon daji ba.

A ganina dokar ta yi abin kirki inda ba a gani, domin gudun kunyar takardar ya sa kamfanoni sun rage dalma a famfunan ruwa da kwanukan tangaran. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai raina wannan ba. Amma gargaɗin da ake mannawa a wurin ajiye motoci, da otal, da igiyar fitila, duk da kalmomi iri ɗaya, ya daina bambance wa mai saye babban haɗari da ƙarami, kuma ba adalci ba ne a bar talaka da fargabar gargaɗin da lauyoyi suka san na kare kan kamfani ne.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ɗaukar rashin takardar a matsayin shaidar lafiya. Dokar ba ta da iko a wajen Kalifoniya, don haka kayan da aka ƙera wa wata kasuwa ba za su zo da takardar ba ko da me ke cikinsu. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu na iya ɗauke da afulatoksin, wanda shi ma yana cikin jerin, yana lalata p53 a hanta, kuma haɗarinsa na ninkuwa ga mai cutar hanta nau'in B, amma babu mudun da ke zuwa da alamar ruwan ɗorawa.

Wanda ya ga takardar ya duba sunan sinadarin, domin tun 2018 cikakken gargaɗi kan ambaci aƙalla ɗaya. Sannan ya duba yadda yake hulɗa da kayan. Dalma a kwanon da ake zuba wa yaro abinci kullum, ko a abin da yake sa wa a baki, dalili ne na a ajiye shi. Sinadarin da ke cikin robar wayar caja kuwa, wanke hannu kafin cin abinci da hana yara tauna ta na rage mafi yawan abin da zai shiga jiki.